Amurka Ta Fi Legas Kusa

Yanzu na iso shekarar da nake ta kewayewa tun da na fara wannan rubutu, shekarar da mahaifinku ya rasu ba na gida. Na san abin da ake faɗa. Na san har gobe in Gwaggonku Asabe ta zo daga Ibeto aka ambace ni, sai ta taɓe baki ta ce ai wanda ya ga Amurka ya gama ganin duniya. Kai Sani ba ka taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma na lura in hira ta biyo ta nan sai ka tashi ka ce za ka duba mota. Ke kuma Hadiza har yau kina ɗauke da abin a kanki, kina ganin haihuwarki ce ta hana ni ganin gawar ubanki. To ku natsu ku ji daga bakina tun ina da hankalina, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kun san babanku direban tirela ne tun kafin a haife ku. Shanu, masara, wake, duk abin da Kontagora ta tara shi ke sauke shi Legas, ta Mokwa da Jebba da Ilorin. Mutumin nan bai damu da mil ko kilomita ba. In ka tambaye shi nisan gari, sai ya gaya maka inda za ka yi azahar da inda za ka yi magariba. Kuma ba ya kuskure, wannan kam na ba shi. In ya ce mini in ɗora tuwo da shi ran Laraba, to kafin in kwashe zan ji hon ɗinsa daga bakin titi. Da ciwo ya shanye masa ɓarin hagu ya ajiye tuƙi, sai ya koma zaman zaure a kan tabarma, yana sauraren manyan motoci suna wucewa yana zagin direbobin da ba su iya canja giya ba. Ni ke masa wanka, ni ke masa miya ba gishiri yana mita, ni ke ɓoye goro yana aiken jikoki su sato masa. Bakinsa dai bai shanye ba, ko kaɗan.

A cikin wannan hali ne cikin Hadiza ya tsufa a can Atlanta, inda mijinta Usman ke aiki. Ta riga ta yi ɓari biyu. Wannan karon likitoci suka ce jininta yana hawa, ga shi ba uwa ba uwar miji, ba ko maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Usman ya yi ta fafutuka har aka ba ni izinin shiga ƙasar. Ba zan ɓata muku lokaci da wannan wahalar ba. Ranar da takardar ta fito, ban yi murna ba. Na ce ba inda za ni, ba zan bar mutum a kwance in tafi bangon duniya ba.

Da la'asar ne, muna tsakar gida, Usman ya kira, Sani ya ƙara wa wayar murya kowa na ji. Malam, wato babanku, ya matso da kunnensa.

"Usman, wai ni kam daga Legas zuwa garin nan naku kwana nawa ne a jirgi?"

"Baba, ba ya kai kwana. In jirgin da ba ya tsayawa ne, awa goma sha biyu ne, ko ya ɗan ɗara."

Malam ya yi dariya har da tari.

"Awa goma sha biyu! Ni da kaya a baya, in damina ce, awa goma sha biyu ko Ilorin ban shiga ba. Ashe Amurka ta fi Legas kusa ake ta tsorata mutane!"

"Baba, ba haka lissafin yake ba," in ji Sani. "Sai fa an je Legas ɗin tukuna. Kuma jirgi ba kamar..."

"Kai rufe mini baki, ɗan boko. Ni za ka koya wa hanya?"

Da aka kashe wayar ya juyo gare ni, ya daina wasan.

"Ramatu, in kin zauna me za ki yi mini wanda matar Sani ba za ta yi ba? Yarinyar can ba ta da kowa sai Allah. Ki je. In jikin nan ya motsa zan sa a kira ki da safe, kafin isha'i kina cikin gidan nan."

"Malam, in kuma ban iso ba fa?"

"Kin taɓa jin na yi kuskuren hanya?"

Ban taɓa ji ba. Kuma gaskiya zuciyata tana son ta yarda, don tun da aka ce jinin Hadiza na hawa ban ƙara barcin kirki ba. Yaya Asabe ta zo takanas ta ce ita ba ta taɓa ganin macen da ta bar miji a kwance ta tafi yawon buɗe ido ba. Malam ya ce mata ai ba ita ta aure ni ba. Ku riƙe wannan da kyau: shi ya ce in je, a gaban yayarsa, da bakinsa.

Na shanya ganyen darbejiya na wankan jego, na daka citta da kanumfari da masoro, na ƙulla kanwa, na yi garin kunu. Ban taɓa shiga jirgi ba a rayuwata, ko na Makka. Muka bar Kontagora da sassafe, Sani na tuƙi, muka bi ta Tegina da Minna, muka shiga Abuja jiki ya yi tsami. Muka kwana. Washegari ƙaramin jirgi ya kai ni Legas, na sake kwana a wurin wasu 'yan'uwan Usman, sannan aka kai ni ga babban jirgin. Ina zaune ina jiran a kira mu na lissafa sallolin da na yi a hanya, irin lissafin Malam, sai na ga na cinye kwana biyu ban ko fara awa goma sha biyun nan tasa ba. A nan na fara shakkar lissafinsa.

A bayan kujerar da ke gabana akwai ɗan allo mai nuna taswira, da hoton jirgi ƙarami yana tafiya a kai. Ba mu jima da tashi ba ƙasa ta ƙare, allon ya koma shuɗi fal. Na leƙa taga, ruwa ne da gajimare. Na yi gyangyaɗi na farka, shuɗi. Aka kawo abinci aka kwashe, shuɗi. Ɗan jirgin nan kuwa kamar an manna shi da ƙaro. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rana ta ƙi faɗuwa. Agogon hannuna ya ce magariba ta yi a Kontagora, taga kuwa rana tsaka. Na yi taimama na yi salla a zaune ban san ko wacce nake yi ba, ban san ina gabas take ba. Hanyar Legas komai muninta akwai Mokwa, akwai mai shayi, akwai inda za ka ce direba tsaya na fasa, ka tsallaka titi ka tari mai komawa. Nan babu. Na ce a raina, Malam, wannan karon ka yi kuskure.

Kuma na gaya masa. Ina so ku san wannan, don an ce wai na je na ga daɗi na manta. Ranar da na sauka na kira shi.

"Malam, wurin nan da nisa. Wallahi da nisa. Ba yadda ka lissafa ba ne."

"To ba ga shi kin isa ba? Tsoro ne kawai irin na wanda bai saba tafiya ba. Ya jikin yarinyar?"

Na maimaita masa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum sai ya mayar da abin wasa.

Zaman can zaman zullumi ne. Lokacinmu da na gida ba ɗaya ba ne, ina sallar asuba, a Kontagora hantsi ya daɗe da yi. Wayata ba ta barin hannuna, ko banɗaki da ita nake shiga. In ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ta yi shiru gabana ya faɗi. Aka yi wa Hadiza tiyata aka ciro namiji, aka sa masa sunan Malam, muna kiransa Abba. Malam ya ga takwaransa a waya ya ce kunnuwan nasa ne, Allah ya sa ba bakin ba. Sai dai kayan da na sha wahalar haɗawa duk ba su yi amfani ba. Likita ta hana wankan ruwan zafi saboda ɗinki, ta hana kanwa saboda jini. Ganyen darbejiyata na nan a leda yana kallona. Na yi fushi ƙwarai. Na ce ashe na bar mijina a kwance na ƙetare teku don in riƙa dafa ruwan shayi.

Bayan suna da 'yan kwanaki Usman ya koma aiki. Hadiza ta tashi da ciwon kai, ta ce idonta na ganin walƙiya. Na ce ta kwanta, ta ce bari ta ɗauko ruwa. Ina goye da Abba na ji faɗuwarta a kicin. Na same ta a ƙasa tana jijjiga, ido ya kakkafe, baki na kumfa. Ban iya Turanci ba, ban san lambar da ake kira ba, wayar Usman tana ta ƙara ba a ɗauka. Na fita ba takalmi ba mayafi, na dinga dukan ƙofar maƙwabta da hannu biyu. Wata dattijuwa baƙar fata ta buɗe tana masifa da yarensu. Ban tsaya bayani ba, na damƙi hannunta na ja ta har kicin. Tana gani ta daina masifar ta ɗauki waya. Motar asibiti ta zo ta ɗauki Hadiza. Daga baya Usman ya gaya mini abin da likitocin suka ce, yana faɗa yana kuka: da ita kaɗai ce a gidan har ya taso daga aiki, da sai dai wani labarin. Hadiza, ke ba ki san wannan sosai ba don ba ki cikin hayyacinki. Yau na gaya miki, ki sauke abin da kike ɗauke da shi.

A kwanakin da take asibiti ne Malam ya daina kiran da ake ganin fuska. Ya ce wai gilashin wayar ya lalace. Muryarsa ta riƙa jan ƙafa, in ya fara magana sai ya tsaya ya huta. Na tambayi Sani, ya ce mura ce. Na tambayi Bilkisu matar Sani, ta ce da sauƙi. Ni kuwa na san da sauƙin Bahaushe, ni ma na sha yi wa wasu. Ga 'ya a gadon asibiti da robobi a hannu, ga jariri a bayana, ga miji a wancan gefen teku ana ɓoye mini halinsa. Gaba kura, baya siyaki. Abinci ya daina shiga mini. Sai daga baya na san cewa ciwon ya sake bugunsa tun ranar da Hadiza ta faɗi, kuma shi ya hana a gaya mini. Sani ya roƙe shi har da hawaye a gaya mini, Malam ya ce masa:

"Ku bar ta tukuna, yarinyar ba ta tashi ba. In abin ya yi tsanani sai a kira ta. Ai ga ta nan kusa."

Don haka kada wanda ya ƙara cewa Sani ya yi sakaci. Umarnin ubansa ya bi.

Ranar da aka sallamo Hadiza, a ranar Sani ya kira. Bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Inna, ki taho."

Na ajiye wayar, na ɗauki mayafina da jakata, na tsaya a bakin ƙofa.

"Usman, tashi ka kai ni tasha."

"Inna, ki zauna in duba. Ba kamar mota ba ne, sai an samu kujera."

"Ko a tsaye ne zan tafi."

Ya yi ta danne-danne, ya yi ta kiran waya yana roƙo. Na yau ya cika, na gobe ya cika. Akwai masu bi ta wasu ƙasashe, amma sai an sauka an canja jirgi an yi dogon jira, ni kuwa ba Turanci ba karatu, kuma da ƙyar su riga na jibin isa. Sai jibi. Ban taɓa ganin kwana biyu masu tsawon waɗannan ba. A Kontagora ko tsakar rana ka fita tasha ba ka rasa ko motar gawayi ce da za ta rage maka hanya. Nan ga kuɗi, ga mota a ƙofa, ga titi shimfiɗe kamar tabarma, amma ba abin da zai matsar da ni taku ɗaya zuwa gida. Na samu Malam a waya sau ɗaya. Da ƙyar na ji shi.

"Kin taso?"

"Ina nan tafe, Malam. Ka jira ni."

"To. Allah ya kawo ki."

Ranar tafiya Hadiza ta lallaɓo daga gado tana dafa bango. Ta fito da wata atamfa ja mai ruwan zinariya da ta sa aka ɗinka mini, ta ce lallai ita zan sa. Ta fesa mini turare har wuya.

"Inna, so nake Baba ya gan ki fes, ya san mun riƙe ki da kyau."

Ban iya yi mata musu ba. Na bar ta a hannun dattijuwar nan maƙwabciya da wasu matan masallacinsu, na sumbaci Abba, na fita ina waige. Da za mu bar gida Usman ya aika wa Sani cewa mun taso. A lokacin magariba ta kusa a Kontagora, mu kuwa ko azahar ba a yi ba, kuma jirgin sai yamma zai tashi.

A cikin jirgi waya ba ta aiki. Wannan shi ne abin da ban shirya masa ba: awa goma sha ɗaya ko sha biyu ba wanda zai iya gaya mini komai, ko mai daɗi ko marar daɗi. Na zuba wa allon nan ido. Shuɗi, da ɗan jirgi a tsakiya. Na ja carbi har yatsuna suka yi zafi. Wani lokaci na sa yatsa a kan ɗan jirgin ina tura shi gaba, kamar yarinya, sai taswirar ta buɗe ta ƙara faɗi, ruwan ya ƙaru. Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini hankici. Ban ma san kuka nake yi ba.

Muna sauka Legas na kunna waya. Sani bai ɗauka ba. Na kira Bilkisu.

"Inna, sannu da hanya. Kin sauka lafiya?"

"Ba shi wayar."

"Ya samu barci, Inna. Ki dai iso lafiya."

A bayan muryarta ina jin muryoyin mata da yawa, da ƙarar manyan tukwane. Gidana ne, na san yadda yake kowace rana, kuma ba a ɗora manyan tukwane don mai mura. Na sani, amma na ƙi sani. Na ce wataƙila 'yan dubiya ne. Na shiga jirgin Abuja da wannan wataƙilar, na sauka yamma ta yi, kuma a shekarun nan ba mai hankalin da zai kama hanyarmu da duhu. Na sake kwana. Da safe ƙanin Usman ya ɗauke ni. Daga Suleja har Minna har Zungeru yaron nan bai kunna rediyo ba, bai haɗa ido da ni ba. Ni ma ban tambaye shi ba, don muddin ban tambaya ba Malam yana da rai.

Muna karyo kwanar layinmu na hango rumfa da tabarmi, maza zaune jere. Zauren na buɗe, sandarsa na jingine inda yake ajiye ta. An binne shi tun jiya kafin azahar, ina sama ko ina layin duba fasfo, Allah ne ya sani. Sani ya nemi a kai shi asibiti a ajiye har in iso, dattawa suka ƙi. Kuma sun yi daidai. Da ina nan aka ce a ajiye shi don wani, ni ce zan fara ƙi.

Na shiga gida cikin jar atamfa ina ƙamshi, mata cike da tsakar gida. Yaya Asabe ta dube ni daga sama har ƙasa.

"An iso daga Amurka."

Ban tanka mata ba, kuma har yau ban tanka ba, sai a wannan takarda. Na aika a tambayi liman daga yaushe zan fara ƙirga takaba, daga yau da na ji ko daga jiya. Ya ce daga lokacin da rai ya fita. Wato na shiga takaba a tsakiyar teku, da turare a wuyana, ina tura hoton jirgi da yatsa. Na cire atamfar na ninke. Hadiza, tana nan a ƙasan akwatina, ban ƙara sa ta ba, kuma ba don ina jin haushinki ba ne.

Kuna so ku san ko na yi nadama. Ina jin ciwon abin kullum, wannan ba ƙarya. Shekara arba'in da wani abu ina jiran mutumin nan ya dawo daga hanya, sau ɗaya tak ya jira ni ban iso ba. Amma in na dubi Hadiza tana tafiya da ƙafarta, na ji Abba a waya yana ce mini Inna da Hausarsa ta 'yan koyo, ba na iya cewa da ban je ba. Wanda ya ga zai iya zaɓar mini, ya zo ya zaɓa.

Sai bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Sani ya shigo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa. Na ce ya gaya mini yadda aka yi, kada ya rage komai. Ya ce tun da ya gaya wa babansa da magariba cewa na taso, sai hankalinsa ya kwanta, har ya sha kunu. Bayan sallar asuba ya buɗe ido ya tambaya:

"Ta iso ina?"

"Tana hanya, Baba."

Ya ce sai ya ga leɓensa na motsi, yana ƙirgawa da yatsun hannunsa mai lafiya, daga magariba zuwa asuba. Sai Malam ya yi murmushi. Ni a lokacin ko gaɓar Afirka ban hango ba.

"To ai yanzu ta wuce Tegina. Ka kira direban ka ce kada ya yi gudu da ita, hanyar nan ba kyau. Ina nan."